Hannun Yaro da Abin da Yake Faɗa Mana



Idan jariri ya fara zama, ko rarrafe, ko tafiya, gida duka yakan sani. A asibiti kuma akan auna nauyinsa a rubuta a kati. Amma da wuya a sami wanda ya riƙe ranar da yaro ya fara tsintar abu da yatsu biyu. Maƙasudin wannan lacca shi ne in nuna cewa ƙwarewar yatsu ita ma abar bin diddigi ce, domin hannu yana ba da labarin ƙwaƙwalwa tun kafin baki ya buɗe.

Likita Arnold Gesell, wanda ya kafa cibiyar nazarin girman yara a Jami'ar Yale ta Amurka a 1911, ya lura cewa iko da jiki yana saukowa daga kai zuwa ƙafa, yana kuma tafiya daga tsakiyar jiki zuwa gefe. Wato yaro yana mallakar kafaɗa kafin gwiwar hannu, gwiwar hannu kafin yatsu. A 1967 kuma Frankenburg da Dodds suka fito da gwajin Denver, inda aikin yatsu ya zama ɗaya daga fannoni 4 da ake dubawa.

Ga yadda matakan suke bisa galibi. Sabon haihuwa yakan damƙe yatsan da aka sa masa a tafi, ba da niyya ba. Wajen wata 4 zuwa 5 yana miƙa hannu ga abin da ya gani. Wajen wata 6 zuwa 7 yana sauya abu daga wannan hannu zuwa wancan. Tsakanin wata 9 da 12 yana tsintar gutsuren abinci da babban yatsa da manuniya. Ɗan shekara 2 yana ɗora 'yan katakai kamar 6, ɗaya bisa ɗaya. Ɗan shekara 3 yana kwaikwayon zanen da'ira, ɗan shekara 5 kuma zane mai kusurwa uku.

Waɗannan ba ranakun alkawari ba ne. Yara sun bambanta, kuma bakwaini ana rage masa makonnin da ya riga lokaci, har ya kai shekara 2. Duk da haka akwai alamu uku da ba a jira da su. Ta farko, hannu ya zauna a dunƙule bayan wata 4. Ta biyu, yaro ya rasa abin da ya riga ya iya. Ta uku, ya fifita hannu ɗaya ƙarara kafin ya cika shekara, domin wannan yana iya nuna rauni a ɗaya ɓangaren. A kula musamman da jaririn da ya sha wuyar haihuwa ko ya yi shawara mai tsanani a makon farko, domin duka biyun suna iya taɓa ƙwaƙwalwa.

A nan sai a bambance. Yaron da ya girma ya zama bahago ba shi da ciwo. Kusan mutum 1 cikin 10 haka yake. Dukansa don ya sauya hannu ba ya ƙara masa ƙwarewa, sai dai tsoro.

Wannan aiki ba ya bukatar kayan tsada. Kwalayen ashana da babu kome ciki, gawayi, cokali, da littafi guda sun isa. A rubuta kwanan wata da abin da aka gani da ido, ba abin da ake zato ba. Ma'aikacin lafiya ya tambayi uwa ranar awo, malamin aji ɗaya kuma ya dubi riƙon fensir kafin ya kira yaro daƙiƙi.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da aka gano matsalarsa yana wata 10 yana da damar gashin jiki da horon hannu a lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar gyara. Wanda aka bari sai ya shiga makaranta, an ci shi bashin shekara 5.