Aikin Kansila A Unguwa: Jawabin Sakataren Reshe Ga Makiyayan Bakin Gari



Shugabanni sun ce in yi magana a kan aikin kansila, wanda wasu ke ce wa kwansaye, musamman yadda yake kawo aiki cikin unguwa da yadda yake jin ta bakin jama'a. Ni karatuna bai wuce firamare ba, kowa a nan ya sani. Sai dai na yi shekaru ina hawa da sauka a ma'aikatar magajin gari da takardun ƙungiya a hammata, na zauna a bayan zaure ina saurare ana muhawara, to abin da idona ya gani da abin da aka karanta mini na doka shi zan gaya muku.

Na san wani zai ce, Sakatare, wane kansila kuma, bayan an sallame su? Gaskiya ne, a watan Afrilu na 2024 aka rushe majalisun ƙananan hukumomi da na birane da na jahohi a duk faɗin Nijar, aka naɗa masu riƙo. Amma komin tana nan, kasuwar dabbobi tana ci, ana yanka tikiti, ana tsara kasafin kuɗi kowace shekara. Kuma ba wannan ne karo na farko ba. An yi zaɓen ƙananan hukumomi a Fabrairun 1999, rigimar sakamako ta hana shi zama, juyin mulki ya biyo baya a Afrilu. Sai ranar 24 ga Yuli 2004 aka yi wanda ya zauna, komin 265 a lokacin. Waɗanda aka zaɓa a Disamban 2009 ba su daɗe ba juyin mulkin Fabrairun 2010 ya tafi da su. Na Janairun 2011 an zaɓe su shekara 5, aka yi ta ƙara musu wa'adi har Disamban 2020. Kun ga kujerar tana tafiya tana dawowa. Kowane karo ta dawo sai ta tarar da mu ba mu shirya ba, shi ya sa nake so mu yi maganar tun yanzu.

Abu na farko da ya daɗe yana ruɗa mu shi ne, a tsarin da aka yi waɗannan zaɓuɓɓuka, ba unguwa ke zaɓen kansilanta ba. Jam'iyya ke jera sunaye na komin gaba ɗaya, a jefa wa jerin ƙuri'a, a raba kujeru gwargwadon abin da kowa ya samu. Don haka sai ka tarar da kansila uku a unguwa ɗaya ta tsakiyar gari, mu na bakin gari ko ɗaya babu. Kansilolin ne ke zaɓen magajin gari daga cikinsu, kuma dokar 2010-54 ta watan Satumban 2010, wadda ta tsara tafiyar ƙananan hukumomi, ta ce sai mai takardar birbe ko makamanciyarta ke zama magajin gari. Wannan sharaɗi na magajin gari ne da mataimakansa. Na faɗi haka ne don samarinmu da ke cewa ba su yi lakwal ba, saboda haka ba ruwansu. A wancan tsari, sarakunan gargajiya da dapitoci suna zama a majalisar, suna ba da shawara, amma ba su da ƙuri'a. Kansila ba shi da albashi, sai kuɗin zama. A lokacin, majalisa tana zama bayan kowane wata uku, kuma zaman a buɗe yake, ɗan gari yana iya shiga ya zauna ya saurara, ba dai zai sa baki ba.

To ina kuɗin aikin unguwa ke fitowa? Nan ne maganar ta shafe mu. Akwai lanho, wanda a komin ta karkara muka san shi sefa 700 kan kowane baligi, wato dala 140. Akwai kuɗin rumfar kasuwa, da na tasha, da na mahauta, da na sayar da filaye. Akwai taimakon gwamnati da ke bi ta hukumar ANFICT, da abin da furoje-furoje ke kawowa. Sannan akwai kuɗin kara: dabba ta shiga kasuwa a biya, an sayar a biya. A komin da ke da babbar kasuwar dabbobi, duk mai karɓar haraji zai gaya maka ranar kasuwa ce ranar da akwatinsa ke nauyi. Wato mu muna cikin masu zubawa. Amma wurin rabawa, ana bin wata takarda ce da ake kira tsarin raya komin, wanda ke ɗaukar shekaru, daga cikinsa ake tsamo aikin kowace shekara a sa a kasafi. Abin da bai shiga wannan takarda ba, ko magajin gari ɗan ɗakinku ne, da wuya ka gan shi a ƙasa.

Bari in ba ku labarin wata kansila da muka yi aiki da ita a garinmu. Ba zan kama sunanta ba, tana da rai, kuma ba ta sa ni ba. Ba Bafillata ba ce, ba ta da ko akuya, malamar makaranta ce da ta yi ritaya. Ta shiga majalisa ne albarkacin dokar nan ta 2000 da ta tilasta a ware wa mata kaso a kujerun zaɓe, har wasu na yi mata dariya suna cewa cike gurbi ce.

Ran da ta fara zuwa unguwarmu ta kira taro da ƙarfe tara na safe. Ba ta tarar da kowa ba sai tsofaffi huɗu da ni. Maza sun kora shanu, mata sun shiga gari da nono. Wani da tuni ya yi fushi ya tafi yana cewa Fulani ba sa son ci gaba. Ita sai ta tambaye ni, Malam, yaushe mutanenku ke gida? Na ce, Hajiya, maza sai bayan magariba in an ɗaure maruƙa, mata kuwa tsakanin azahar da la'asar in sun dawo talla. Sai ta raba taron biyu. Ta zauna da mata a tsakar gidan mai unguwa, ta nemi yarinya tana juya mata magana da Fillanci don tsofaffin da Hausa ba ta ishe su ba, da dare kuma ta zauna da mu a kan tabarma da fitila.

Mu maza muka ce shingen allurar dabbobi muke so, da wurin shayarwa. Ashe mata sun riga sun gaya mata famfo suke so, don ruwan da suke wanke ƙwarya da shi sai sun saya wurin ƴan garuwa, ribar nono tana ƙarewa a nan. Suka ƙara da maganar kwalbati a kan ƙoramar da ke raba mu da gari, wadda in ta kawo da damina yara ba sa zuwa lakwal, mai naƙuda kuma sai a amalanke a zagaya. Wallahi ni da nake sakatare ban taɓa sa waɗannan biyu a takardar ƙungiya ba. Na ji kunya a ranar.

Ba ta yi mana alkawari ba. Ta ce mu zaɓi ɗaya mu sa gaba, don in ta shiga majalisa da buƙata huɗu za a ce mata unguwanni suna da yawa, ta fito hannu banza. Aka yi ta ja har dare ya yi nisa, daga ƙarshe famfo ya ci. Ta sa muka rubuta, mai unguwa ya sa hannu, muka ƙirga gidaje da kanmu. Na ji daga baya a wani horo cewa wannan dabara ta tara mutanen unguwa su jera buƙatunsu kafin a yi kasafi ta yi suna ne a wani birni na Barazil, Porto Alegre, tun 1989. Ita ban ji ta taɓa ambatar wannan ba, ta dai san aikin aji.

Shekarar farko buƙatarmu ta faɗi. Abin da ya sa nake girmama matar nan shi ne ta dawo da ƙafarta ta gaya mana ta faɗi, da dalilin faɗuwar. A kwamitin kuɗi wani kansila ya tashi ya ce mutanen nan ba sa cikin rajistarmu, lanhonsu ba nan yake shiga ba. Kuma, jama'a, bai yi ƙarya ba. Da yawanmu mun shekara ashirin a bakin garin nan, ƴaƴanmu nan aka haife su, amma katin iyalinmu yana hannun arɗonmu na asali, lanho muna aika masa, shi kuma yana zubawa a wata komin can nesa. Mu muna ganin zumunci ne da biyayya, kuma haka ne. Amma a takardar magajin gari mu baƙi ne. Kuɗin kara da muke zubawa kowane mako ba a rubuta shi da sunan unguwa, don haka ba wanda ya tuna da shi.

Wannan magana tana da nauyi, ba ni zan yanke muku ita ba. Wasu sun je sun roƙi arɗonsu sun maido da katinsu, wasu sun ce ba za su bar gidan kakanninsu ba, kowa da hujjarsa. Abin da muka yi a ƙungiyance shi ne muka tara tikitin kara na ƴan unguwa na tsawon watanni, muka ɗaure su da roba, muka ba ta. A zaman kasafi na gaba ta zube su a kan tebur. Mu goma sha muka shiga zauren muka zauna a baya da rawunanmu da sandunanmu a ajiye a ƙofa, ba mu ce uffan ba. A wannan shekara aka sa famfo a kasafi. Sai da aka ƙara wata shekarar kafin ruwa ya zubo, don kuɗi ba su shigo yadda aka zata ba, kuma a tsakanin nan kowane bayan zama sai ta biyo ta gaya mana inda aka tsaya. Kwalbati har yau ba a yi ba.

Akwai kuma inda muka yi asara, kuma laifin har da namu. Burtalin da shanunmu ke bi zuwa tabki, wata safiya muka tarar an kafa duwatsun yankan filaye a cikinsa. Ashe an zartar da maganar a majalisa watanni da suka wuce, a zaman da ba ko ɗayanmu, ita kuma ba ta san hanyar shanu ba ce, a taswira fili ne kawai. Mu ba mu taɓa nuna mata ba. Alhali dokar makiyaya ta 2010-029, ta ranar 20 ga Mayu 2010, ta ce yawon kiwo hakki ne, burtali kuma ba na sayarwa ba ne, tsarin gari ma sai ya yi la'akari da shi. Tun dokar karkara ta Maris 1993 aka kafa hukumomin kula da filaye, har a matakin komin, kuma makiyaya suna da wakilci a ciki. Namu wakilin sunansa ne kawai a takarda. Da muka tashi, an riga an sayar, wasu sun fara gini. Mun samu an bar mana wata siririyar hanya ta bayan maƙabarta, saniya biyu ba sa jerawa a cikinta.

Ban ce duk kansiloli haka suke kamar matar nan ba. Mun ga wanda ba ya zuwa sai zaɓe ya matso, ya kawo buhun sukari da tabarmin masallaci. Mun ga wanda fili ya kai shi majalisa, ya samu ya yi shiru. In kuna son ku gane, ku tambaye shi abu uku: buƙatarmu tana shafi na nawa a tsarin raya komin, nawa aka sa mata a kasafin bana, yaushe ne zama na gaba. Kuma ku sani ɗan komin yana da ikon ya nemi a nuna masa kasafin da takardun zaman majalisa. Tun 2016 gwamnati ta miƙa wa ƙananan hukumomi wani sashe na aikin ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, saboda haka maganar aji da famfo a can ake fara ta.

Abin da kwamitin reshe ya tsayar shi ne, kafin kasuwa biyu kowace unguwa ta kawo ƙirgen gidajenta da inda katin kowane gida yake. Mata su yi nasu zaman su kawo buƙata ɗaya, maza su kawo ɗaya. Samari biyu za su bi dattawa su taka burtalin gabas daga bakin gari har tabki, a rubuta kowace alama, mu kai wa hukumar filaye ta komin, mu ajiye kwafi. Tikitin kara kuwa kada wanda ya sake yar da shi, a kai wa ma'aji, ya tanadi jaka. Takardar in ta haɗu, ni da shugaba za mu kai ta ma'aikatar magajin gari, ko wa muka tarar a kujerar.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, za mu fara da ɓangaren mata don su samu su koma kafin shanu su dawo.