Me Ya Hana Alhaji Sayar da Masararsa?

Shugaban taro, iyayena malamai, 'yan kasuwa da ɗaliban akanta na Kwalejin Hussaini Adamu da ke nan Kazaure.

Bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin naira a watan Yuni, hatsi ya yi ta hawa ba ƙaƙƙautawa. Wanda ya saya da kaka ya ajiye zuwa bazara, ya dara. Da kakar 2024 ta zo, sai masu 'yan kuɗi daga Babura zuwa Roni da Gwiwa suka yi ta cika sito da masara da gero, alhali tun watan Yuli gwamnatin tarayya ta ba da sanarwar ɗage harajin shigo da masara da alkama da wake da shinkafa na kwana 150. Labarin bai ɓuya ba, rediyo ya faɗa. Amma ribar bara ta fi shi ƙara a kunne. A 2025 farashi ya karye.

A nan nake son mu daɗe. Ka je wa mai irin wannan kaya, ka ce Alhaji a sayar, zai ce maka, "Ni ba zan sayar ƙasa da yadda na sayo ba." Maganar tana da kama da hankali, amma kasuwa ba ta san nawa ya sayo ba. Kuɗin sari sun riga sun fita. Abin da ya rage a gabansa shi ne hayar sito, da maganin ƙwari, da buhun da ke raguwa a ma'auni, da jarin da ke kwance ba ya juyawa. Waɗannan ne akantan gudanarwa ke sawa a sikeli. Masana Daniel Kahneman da Amos Tversky sun nuna a 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin ribar da ta yi daidai da ita, kuma wanda ya ga faɗuwa a gabansa ya fi saurin yin kasada.  Shi ya sa mutumin da ke saurin sayarwa in ya ga 'yar riba, shi ne zai rungumi kaya wata da watanni in ya ga asara.

Akwai kuma wani abu namu. Yaron da ke riƙe da littafin ciniki ya ga lissafin sarai, amma kunya ta hana shi buɗe baki a gaban maigida. Wani ma sai ya gyara hasashen ya dace da abin da ya san Alhaji na son ji. Ladabi abu ne mai kyau, ni ma a kansa na tashi, sai dai ɓoye wa mai dukiya gaskiyar dukiyarsa cin amana ne.

Ɗalibai, ga abin da nake roƙonku. Ranar da za a yi sari, kafin a ɗora buhu a mota, ku zauna da maigida ku rubuta farashin da in an kai shi za a sayar, na sama da na ƙasa, da watan da ba za a wuce ba. Ku sa ya sa hannu, ku kuma kira wani daga waje, wanda ba shi da buhu ko ɗaya a cikin kayan, ya duba takardar.