Alli Ma Jari Ne

Wannan shi ne jawabin da malamin ajin dare ya gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiyarmu, a unguwar Briqueterie da ke Yawunde. Mun buga shi yadda ya faɗa, bisa roƙon membobi.

    

Da sakatare ya ce in yi magana yau, na ce masa me mai alli zai gaya wa masu tirela? Ya ce, "Malam, ka faɗi yadda aka yi ka zo Birik, ya isa." To zan faɗa, har da abin da ban taɓa furtawa a bainar jama'a ba. Da yawanku kun ɗauka sha'awar yawo ce ta kawo ni Kamaru. Gaskiyar magana, korata aka yi daga aiki.

Shekara tara ina koyar da Turanci a wata makarantar kuɗi a Kano. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu saboda korona, albashi ya tsaya cak. Ina da mata da yara uku, sai na shiga Kantin Kwari ina karɓar atamfa da shadda ina kai wa mata gida-gida. Da aka buɗe makarantu ban saki cinikin ba. Safiya ina aji, da azahar na sulale kasuwa, wani lokacin ma tun hantsi. An ja mini kunne da baki, an ba ni takarda sau biyu, a ƙarshen 2021 aka miƙo mini ta sallama. Na daɗe ina zargin mai makarantar. Yau ina shaida a gabanku cewa laifina ne: taura biyu na so in tauna a lokaci guda, yaran mutane kuma suna zaune babu malami.

Duk wanda aka taɓa kora ya san rashin kuɗin ba ya kai kunyar ciwo. Wata huɗu ina sa riga da safe ina fita don kada maƙwabta su gane. Masu makarantu a Kano sun san juna, duk inda na kai takarda labarina ya riga ni isa. Ana cikin haka wani Alhaji daga cikinku, wanda nake haɗa wa dilolin atamfa, ya ce, "Malam, kayan da suka yi kwantai a wata kasuwa, wata kasuwar ake kai su. Shirya mu tafi." Ba zan kama sunansa ba, don ya hana ni. Muka bi ta Yola muka shiga Garwa, muka gangara Ngaundare, muka kwana cikin jirgin ƙasa, gari ya waye mana a Yawunde. Ya sauke ni a ɗakin da ke bayan shagonsa, ya ce abinci na gidansa ne har in samu abin yi.

Kurakurai uku na tafka bayan zuwana, kuma saboda su na yarda na tsaya a nan, don kada ƙannenmu su maimaita.

Na farko, ban san kasuwar ba na kawo kaya. A zatona ƙasar Faransanci ce, mai Turanci zai yi tsada kamar zinare. Ashe tun haɗewar 1961 Kamaru harsunan hukuma biyu gare ta, tana da tsarin karatun Turanci cikakke da hukumar jarrabawarsa a Buea. Tun rikicin da ya ɓarke a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma a 2016 kuma, malamai da yawa sun baro Bamenda da Kumba sun dawo nan. 'Yan ƙasa ne, sun san manhajar, mafi yawansu suna jin Faransanci. Ni kuwa ko farashin taksi ba na iya tambaya. Sai na zama kamar wanda ya ɗauko goro daga nesa ya kai wa masu gonarsa.

Na biyu, na yi ƙarya. Bayan yawo mai yawa wata makaranta mai harsuna biyu ta kira ni. Na koyar da darasin gwaji, shugabar ta yaba, sai ta tambaye ni dalilin barin aikina na baya. Na ce don kaina na ajiye. Ta nemi lambar tsohuwar makarantar, na bayar, ina ganin wa zai buga waya har Kano. Saƙo ɗaya ta tura ta WhatsApp. Washegari ta ce mini, da na faɗi gaskiya da ta gwada ni zango ɗaya, amma ba za ta damƙa yara ga wanda ya fara da ƙarya ba. Ramin ƙarya dama ƙurarre ne, yanzu kuma waya ta ƙara cike shi.

Na uku, na yi wasa da takardu. Mun saba shiga Maraɗi da Kwatano cikin sauƙi, sai muka manta Kamaru ba ta cikin ECOWAS. Ɗan Najeriya yana shigowa ba biza saboda yarjejeniyar ƙasashen biyu, amma na kwana 90 ne kawai. Wanda zai zauna sai ya yi katin zama, wanda kuka sani da carte de séjour. Dokar ƙwadago ta 1992 kuma ta ce kwantiragin baƙo sai ma'aikatar gwamnati ta sa masa hannu kafin ya fara aiki. Takardun karatu ma akwai ofishin da ke auna su da na ƙasar, a ma'aikatar ilimi mai zurfi. Ni ko hatimin ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje na Abuja ban sa wa nawa ba kafin in taso. Kwanakina suka ƙare, na koma zaman ɗaki, ko tsire, wato soya, ba na iya fita saye da dare don tsoron a tambaye ni kati.

A wannan hali Alhaji ya same ni wata rana bayan la'asar. Na ce masa gida zan koma. Ya ce, "Tsaya tukuna. Me kake da shi wanda mutumin Bamenda ba shi da shi?" Na yi shiru, can na ce, "Hausa." Ya ce, "To ita ce hajarka, ka bar ta a ƙasan buhu kana tallan abin da kowa ke da shi."

Maganarsa ta buɗe mini ido. A unguwar nan akwai yara da yawa da Hausa ko Fillanci suke yi a gida, Larabci a makarantar allo, Faransanci a boko, sannan a ce Turanci dole ne a jarrabawar BEPC. Malami yana yi musu bayanin baƙon harshe da wani baƙon harshen. Ga kuma ku iyayensu, kuna zuwa Legas da Dubai da Guangzhou, kuna sa hannu a takardun kaya da ba ku iya karantawa, kuna biyan tafinta da ba ku san me ya faɗa ba. Da yara shida na fara a zauren Alhaji, a kan tabarma. Kafin azumi manya suka fara zuwa bayan isha'i, wasu suna ɓuya kada 'ya'yansu su gan su.

Daga nan Alhaji ya ranta mini kuɗin katin zama, ya aika da takarduna Abuja ta hannun yaronsa aka sa musu hatimi, ya kai ni wurin shugaban wata makarantar Faransanci da Larabci. Wannan karon ban jira an tambaye ni ba. Na ce, "Allah ya gafarta malam, an kore ni a Kano saboda ina barin aji ina tafiya kasuwa. Na gane kuskurena, na daina." Ya kalli Alhaji. Alhaji ya ce, "Ni na tsaya masa. In ya yi fashi rana ɗaya, ni za ka nema." A watan Satumba na 2022 na shiga aji, kuma alhamdulillahi har yau ba a nemi Alhaji ba. Bashin na biya shi cikin wata goma. Da darajar naira ta faɗi a 2023, ɗan abin da nake turawa gida da sefa ya riƙe mahaifiyata da ƙannena. Iyalina kuma yanzu suna tare da ni.

Ku lura, ba digirina ne ya buɗe ƙofar ba. Lamuni ne, irin wanda kakanninmu fatake suka ginu a kai: baƙo ya sauka wurin maigida, maigida ya ba shi masauki, ya tsaya masa a kasuwa. Da haka aka kafa zangon Hausawa a Kumasi, da haka unguwar nan ta cika. Abin da kuke yi wa mai dila da mai shanu, ku yi wa mai alli.

Don haka ina da roƙo uku ga shugabanni. Na ɗaya, sakatare ya buɗe littafi na masu sana'ar hannu da ta ilimi da ke neman aiki, malami ne ko tela ko makanike, tare da sunan wanda ya tsaya wa kowannensu. Na biyu, a ware wani abu daga asusu don rancen kuɗin katin zama, a biya sannu a hankali. Na uku, duk wanda zai taho da yaro daga gida, ya gaya masa gaskiya tun a Kano: ya zo da fasfo, ya sa wa takardunsa hatimi, ya nemi wasiƙar shaida daga inda ya bari ko da ba da daɗi aka rabu ba, ya fara koyon Faransanci, kuma ya iso kafin Satumba, lokacin da makarantu ke ɗaukar malamai.

Ku kuma matasa, in an kore ku, ku zauna ku tantance laifin wa ne kafin ku ɗauki jaka, domin halin da ya sa aka kori mutum a Kano ba ya tsayawa a kan iyaka, tare suke tsallakowa.

Ajin dare yana nan, Litinin zuwa Laraba bayan isha'i. Hajiyoyi sun nemi nasu da rana, uwargidana za ta taimaka. Allah ya saka wa Alhaji da alheri, ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya, ya tsare mana hanyoyi, ya zaunar da Najeriya da Kamaru lafiya.