Jawabin ƙaddamar da ƙungiyar matasa 'yan tseren dogon zango a Ƙofar Atiku, Sakkwato

 

Ranka ya daɗe mai unguwa, Allah ya gafarta malamanmu limamai, iyayenmu maza da mata, da ku 'ya'yana da kuka cika sahun gaba da rigunan tsere, ina yi muku barka da zuwa.

Muna tsaye ne a ƙofar da ke ɗauke da sunan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ɗan Shehu Usmanu, wanda ya riƙi sarauta daga 1837 zuwa 1842. Unguwa mai irin wannan suna ba ta cancanci ta zuba ido ƙwaya da sholisho suna cinye mata 'ya'ya ba. Gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018, amma kowa a nan ya san doka ba ta kwana da yaro a ɗaki.

Akwai yaron da mahaifiyarsa ta kawo mini shekarun baya, tana riƙe da hannunsa kamar zai kuɓuce. An kore shi daga makaranta, idanunsa jajur, ba ya ɗaga kai ya dubi mutum. Ban yi masa wa'azi ba, don ya sha wa'azi har ya ƙoshi. Cewa na yi ya same mu gobe a bakin masallaci bayan sallar asuba, mu yi gudu tare. Ranar farko ko rabin kilomita bai yi ba ya durƙusa a gefen titi yana amai. Na ɗauka shi ke nan. Washegari sai ga shi da silifas, ya ɗaure tsinkakkiyar igiyar da leda.

Gudun dogon zango ba a yi masa wayo. Wanda ya raba dare a majalisa, ƙirjinsa zai tona masa asiri tun kafin rana ta fito. Yaron nan da kansa ya fara kwanciya da wuri, don ya gaji da a bar shi a baya. Yana isowa tun ana kiran assalatu, ya tsuguna a waje cikin sanyin hunturu yana jiranmu mu idar. Ya yi makonni a haka. Wata asuba na sallame, na waiga, sai na gan shi a ƙarshen sahu, ruwan alwala bai bushe a fuskarsa ba. Wallahi ban ce masa komai ba, amma ranar da ƙyar na ga hanya saboda hawaye. Yau shi ne ke zagayawa yana ƙwanƙwasa wa ƙannensa ƙofa.

Duniya ma ta shaida irin wannan. Mo Farah, wanda ya ci zinare a tseren mita 5,000 da na mita 10,000 a gasar Olamfik ta Landan a 2012, ya kuma maimaita a Rio a 2016, ya bayyana a 2022 cewa sunansa na yanka Hussein Abdi Kahin. An kashe mahaifinsa a yaƙin Somaliya, aka yi safararsa zuwa Ingila yana ɗan shekara tara da sunan wani yaron, aka mai da shi bara a gida. Malamin wasanni, Alan Watkinson, shi ya lura da shi, ya saurari kukansa, ya tsaya har aka raba shi da gidan. Waɗanda suka kalli tserensa sun ga yana faɗuwa sujada idan ya tsallake layi.

Ga iyayen da ke ganin gudu aikin banza ne, ku tambayi malamanmu ga su nan zaune. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha. Sahabi Salamatu ɗan Akwa'u da ƙafa ya bi mahara da suka kore raƙuman Annabi.

Roƙona ga masu hali: yaran nan takalma suke buƙata, da ruwa, da ɗan abin karin kumallo. Ga hukuma kuma, a buɗe musu filin wasa na Giginya su riƙa gwada lokacinsu. Tun 2016 ake tseren kilomita 42 a Legas, kuma ina fatan ganin ɗan Ƙofar Atiku a layin farawa. Yaron da ya saba da zafin Sakkwato na watan Afrilu, wace rana ce za ta ba shi tsoro?

Da sunan Allah na ƙaddamar da wannan ƙungiya. Allah ya sa albarka, ya shirya mana zuri'a. 'Ya'yana, gobe bayan asuba a bakin masallaci. Wanda ba shi da takalmi ya zo a haka.