Amsoshin Wasiƙunku: Wace Na'urar Gwajin Mota Ya Kamata In Saya?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Gusau, malamin makaranta, wanda ya ce shi ke 'yan gyare-gyaren motarsa da kansa a ƙofar gida. Ya ce wata uku ke nan fitilar nan mai hoton inji tana kunne a gaban sitiyarinsa, ya sake fulogi, ya sake koyil, kuɗi sun tafi, fitila tana nan daram. To yana so ya sayi na'urar gwaji tasa ta kansa, amma aljihu ba nauyi. Wacce zai saya?

To malam, mun gode da wannan wasiƙa. Kafin ka taɓa aljihu, fara leƙa motar tukuna. Ka durƙusa ka duba ƙarƙashin sitiyari, wajen gwiwar direba, za ka ga wani soket mai ramuka 16, layi biyu. Nan ake jona na'urar. Sunan wannan tsari OBD-II. A Amurka an wajabta shi ga ƙananan motoci tun daga ƙirar 1996, a Turai kuwa motocin fetur daga 2001, masu shan gas daga 2004. Da yake yawancin motocinmu 'yan Kwatano daga waɗannan wurare suke fitowa, in taka ta biyo bayan shekarun nan, da wuya ka rasa shi. Amma mai tsohuwar Fijo 504 mai kafireto, ya riƙe kuɗinsa, babu inda zai jona. Haka mai tirela, domin waɗannan ƙananan na'urori na motoci masu batir bolt 12 ne.

Abin da ke kasuwa iri uku ne. Akwai ɗan mitsitsin nan kamar kwalin ashana, da ake kira ELM327, wanda kake cusawa a soket ya riƙa magana da wayarka ta Bluetooth, kai kuma ka karanta a manhaja irin su Torque ko Car Scanner. Shi ya fi araha. Sai dai fa ka sani, akasarin masu wannan suna kwaikwayo ne, ba na kamfanin asali na Kanada ba, kuma a cikinsu akwai mai aiki, akwai wanda zai yi ta ƙyafta fitila bai gaya maka komai ba. In wayarka iPhone ce, tambayi mai kanti ko tana tafiya da ita, don da yawa daga cikin masu arahar da Android kaɗai suke shiri. Kuma kada ka bar shi a jone mota ta kwana biyu ba a tayar ba, yana tsotsar batir.

Na biyu ita ce ta hannu, mai igiya da ɗan allonta, wadda ba ta bukatar waya ko batir, daga motar take shan wuta. Kamfanoni irin su Autel, Launch, Ancel da Foxwell duk suna yin ta. Na uku kuwa ita ce babbar nan mai kama da allon kwamfuta da kake gani a manyan gareji. Wannan ba taka ba ce, malam, ta mai cin abinci da sana'ar ce, kuma yawancinsu bayan ɗan lokaci sai an riƙa biyan kuɗin sabunta su.

In ka tambaye ni, ta biyun zan ce ka saya. Ba ta da rigimar haɗawa da waya, ka jona, ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba, ta karanta. Amma akwai sharaɗi ɗaya da ba na so ka sassauta a kansa. Kada ka sayi wadda iyakarta ta nuna lamba ta goge. Nemi wadda ke nuna maka abin da injin ke yi a daidai lokacin da yake aiki: zafin ruwa, gudun inji, yawan iskar da ke shiga, da yadda kwamfutar motar ke ƙara mai ko rage shi. Bambancin kuɗinsu kaɗan ne, bambancin amfaninsu kuwa ba kaɗan ba.

Ga dalili. Lambar da na'ura ke bayarwa harafi ɗaya ne da alƙaluma huɗu. P na inji da giya ne, B na jikin mota, C na ƙafafu da birki, U na sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. To a ce ta nuna maka P0171. Ma'anarta iska ta yi wa mai yawa a cikin injin. Ba ta ce maka ga abin da ya lalace ba. Yana iya zama tiyon iska ne ya tsage, ko ma'aunin iska ya yi ƙura, wanda a lokacin hunturu ba abin mamaki ba ne, ko famfon mai ya raunana, ko matatar mai ta toshe. Wanda ya ga lamba ya ruga Ƙofar Ruwa ko Fanteka ya sayo kaya, ya koma inda ka fito ke nan, sai dai shi da na'ura a hannu. Amma mai kallon alƙaluman injin yana aiki, zai ga in matsalar ta fi tsanani a silo ta ragu da an taka totur, to iska ce ke satar hanya, sai ya bi tiyo da ido.

Haka P0301, tana nufin silinda ta ɗaya ba ta ƙona mai daidai. Kafin ka sayi koyil, ɗauke na ɗaya ka musanya shi da na biyu. In lambar ta koma P0302, koyil ne. In ta tsaya inda take, ka tsira da kuɗinka, sai ka duba fulogi ko nozul.

Akwai lambobi biyu da za ka yi ta cin karo da su a ƙasarmu. P0420 ta shafi matatar hayaƙin nan ta cikin salansa, wadda makanikai ke ce wa indomi. In an fasa an cire ta, goge lambar sau goma, sau goma za ta dawo. Sai P0128, wato ruwan inji ba ya kai zafin da ya kamata, abin da ke biyo bayan al'adar nan ta cire tamostat wai don ƙasarmu da zafi. Injin da aka yi shi ya yi aiki a wajen digiri 90, in ya zauna da sanyi, mai yake sha.

Wani abu kuma da masu kanti ba su cika faɗa ba: ƙananan na'urorin nan inji kawai suke gani. Fitilar birkin ABS da ta jakar iska ba sa karanta su. In kana bukatar haka, sai ka ƙara kuɗi, kuma ka tabbata an rubuta sunan irin motarka da shekararta a jerin waɗanda na'urar ta sani. Mafi alheri, je kantin da motarka, a gwada a gabanka kafin ka miƙa kuɗi. Mai kantin da ya ƙi, yi masa sallama.

In ka samu na'urar, kada hannunka ya yi saurin kai wa maɓallin gogewa. Rubuta lambar a takarda tukuna, domin tare da ita kwamfutar ke ajiye bayanin halin da injin ke ciki lokacin da matsalar ta auku, kuma da ka goge, ya tafi. Gogewar tana kuma mayar da gwaje-gwajen da motar ke yi wa kanta zuwa farko. Wannan ma makami ne a hannunka ranar da za ka raka wani sayen mota: in fitila a kashe take amma na'ura ta nuna gwaje-gwajen ba su kammala ba, to ba a daɗe da goge wani abu ko cire batir ba, sai ka tambayi dillali dalili.

Ita kuwa fitilar taka, malam, tunda ka ce a tsaye take, kana iya lallaɓawa har ka sayo na'urar. Amma ranar da ka ga ta fara ƙyaftawa, sauka gefen hanya ka kashe mota, don ɗanyen mai ne ke zuba cikin salansa, zai ƙona matatar hayaƙi, kuɗinta kuwa ya ninka na na'urar sau da yawa. In ka karanta lambar, rubuto mana ita tare da sunan motar da shekararta, mu duba ta tare a wani shirin.