Binciken lafiya da aka yi a ƙasarmu, da malaman jinyar da suka ɗauki nauyinsa

 

Yau ina son mu yi maganar malamin jinya, wanda muke kira anfirmiye. Amma zan fara da labarai biyu na bincike, domin duka biyun a nan Nijar aka yi su, kuma da yawa daga cikinmu ba mu taɓa jin su ba.

Na farko a Madarunfa ne, cikin jahar Maraɗi. Cibiyar Epicentre ta ƙungiyar MSF, tare da ma'aikatar kiwon lafiya, ta gwada wani rigakafin zawon yara mai suna Rotasiil, wanda kamfanin Serum na Indiya ya haɗa. A baki ake ba jariri shi, sau uku: yana da mako 6, mako 10 da mako 14. Jarirai sama da 3,500 aka bi diddiginsu. Sakamakon ya fito a 2017, ya nuna rigakafin yana hana kusan kashi biyu cikin uku na zawo mai tsanani na rotabirus. Babban abin shi ne yana jure zafi, yana iya yin watanni ba a firijo ba. Duk wanda ya san zafin watan Afrilu da halin wutar lantarki a karkara ya san darajar wannan. A 2018 OMS ta amince da shi.

Na biyu, binciken AVENIR a jahohin Doso da Tawa, wanda aka buga a 2024. An riƙa ba yara daga wata 1 zuwa wata 59 maganin azitromisin sau biyu a shekara, sai mutuwar yara ta ragu da kashi 14 cikin ɗari.

To, wa ya auna yaran nan? Wa ya zauna ya fahimtar da uwa har ta yarda, ya cika rajista, ya koma ƙauye duba yaron da zawo ya kama? Malaman jinya ne da ma'aikatan lafiya na ƙauye. Mujallar Amurka ta buga sakamakon, duniya ta yaba, su kuwa suka koma CSI suna fama da layin marasa lafiya.

A yawancin ƙauyukanmu babu lokotoro. Anfirmiye shi ne mai duba marar lafiya, shi ne mai gwajin palu, wani lokacin shi ne mai karɓar haihuwa da tsakar dare. Wani ya shiga makarantar lafiya da BEPC ya fito ASB, wani ya shiga da BAC ya yi lisans, a ENSP ta Damagaram ko ta Yamai ko a makarantu masu zaman kansu. Ma'aunin OMS shi ne likitoci, malaman jinya da unguwar zoma kamar 44 ga mutum 10,000. Mu ko kusa ba mu kai ba. Amma duk da haka ga matasa da diploma a hannu suna aikin sa kai shekara da shekaru babu albashi, ga ƴan kwantaragi suna jiran ranar da za a ɗauke su. Ƙasa na neman ma'aikaci, ma'aikaci na neman aiki. Wannan lissafin ai bai yi ba!

Inda babu mai takarda, marar takarda ke cika gurbin. Kun san mai tallan magani a kan tire cikin rana, kun san mai yin allura a ɗakin baya. Yanzu wani zai ji labarin azitromisin, gobe ya sayo wa ɗansa a tasha. Don Allah kada a yi. A binciken ana auna maganin daidai da girman yaro, kuma su kansu masu binciken suna sa ido kan ƙwayoyin cuta da ke daina jin magani idan an yawaita sha.

Ga abin da nake roƙon mu yi. Duk wanda zai sa maka allura ko ƙarin ruwa, ka san inda ya yi karatu. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Mu shiga kwamitin COGES na CSI ɗin unguwarmu, mu san ma'aikata nawa ne, nawa ke da albashi. Mu kai wannan adadin ga hukumomin kumin da na gunduma, a rubuce. Ƙannenmu masu son karatun jinya, mu tabbatar makarantar tana da izinin gwamnati kafin iyaye su sayar da bisa su biya kuɗi. Sannan mu nemi duk binciken da aka yi da ƴaƴanmu a dawo a faɗa wa iyayensu sakamakon da Hausa, da Zabarmanci, a rediyon gari.

A 2024 aka fara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a ƙasar nan, daga Gaya. Sau huɗu ake yi wa yaro. Kowane zuwa yana buƙatar ma'aikaci a bakin aikinsa, wanda ya samu horo, aka kuma biya shi. Idan uwa ta yi tafiyar ƙasa ta tarar da ƙofa a rufe, ba lalle ta dawo ba.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Mai tambaya ya ɗaga hannu.