Takardun Ma'aikatanmu Amana Ce a Hannunmu

Yau muna so mu yi magana a kan yadda muke riƙe labarin mutanen da suke yi mana aiki.

Wani zai ce, mu da ba mu da kamfani, ina ruwanmu da wannan? To, in ikkilisiya tana da makarantar firamare, ko ƙaramin asibiti, ko injin niƙa, ko ma maigadi guda ɗaya da ake biya a ƙarshen wata, lalle takardunsa suna hannun wani. Akwai ranar haihuwarsa, da lambar NIN, da lambar asusunsa na banki, da yawan albashinsa, da bashin da ya ci, wani lokaci har da takardar likita. Ya ba mu su ne don yana neman aiki. Bai ba mu don gari ya ji ba.

A watan Yuni na shekara ta 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan dokar kāre bayanan mutane a Nijeriya, aka kuma kafa hukumar NDPC domin ta lura da ita. Dokar ba ta tsaya ga kwamfuta kaɗai ba, ta haɗa da abin da aka rubuta a littafi. Ta ce kada a tambayi mutum fiye da abin da aikin yake bukata, kada a yi amfani da shi don wani dalili dabam, kada kuma a ajiye shi bayan bukatarsa ta wuce. Ma'aikaci yana da iko ya ga abin da aka rubuta a kansa, ya kuma sa a gyara inda ba daidai ba. In bayanan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, sai a sanar wa hukumar cikin awa 72. Tarar tana iya kai naira miliyan 2 ko fiye, ko da ƙungiyar ƙarama ce.

Amma a ganinmu, a ƙauye ba ɓarawo ne yakan fitar da asiri ba. Baki ne, sau da yawa kuma da kyakkyawar niyya. Malamar makaranta ta kawo wa shugaban kwamiti takardar asibiti don a ba ta hutu. Ran Lahadi sai a tashi a lokacin sanarwa a ce a yi mata addu'a, a kira sunanta, a kira sunan ciwon. Addu'a abu ne mai kyau, ba mai musu. Amma an tambaye ta? Labarin lafiya yana cikin abubuwan da doka ta fi tsarewa. Tun 2014 ma akwai dokar da ta hana bayyana cewa mutum yana ɗauke da ƙwayar HIV ba tare da yardarsa ba, ta kuma hana a mai da gwajin sharaɗin ɗaukar aiki. Ku tuna, maganar da ta fita gaban jama'a ba ta dawowa. Iyaye sukan janye yaransu daga ajin, wani lokaci ma maganar aure takan lalace. Za a iya cewa, “Mu tuna da marasa lafiya a cikinmu,” in kuwa ita ce ta ce a kira sunanta, sai a kira.

Sai maganar waya. Ma'aji ya ɗauki hoton takardar albashi ya tura a WhatsApp na kwamiti, wanda yake da mutum talatin a ciki. 'Yan damfara irin wannan suke nema. Da suna da lambar asusu da lambar waya, sai su kira maigadinmu su ce daga banki ne, ya yarda domin sun san komai nasa, ya karanta musu lambar sirri. Kowa a ba shi takardar albashinsa a hannu.

Abin da muke roƙo ba ya bukatar kuɗi mai yawa. A sami akwatin ƙarfe da kwaɗo, makulli kuma ya zauna wurin mutum biyu da kwamiti ya zaɓa. In an je gari yin fotokwafi, a tsaya a wurin, a karɓo har da waɗanda suka lalace. Tsofaffin takardun waɗanda suka nemi aiki ba su samu ba, a mayar musu ko a ƙone, kada su kai ga mai ƙosai ta naɗe kaya da su. In kuma magatakarda ya sauka, ya miƙa akwatin da makulli a gaban kwamiti, ya share hotunan takardun da suke cikin wayarsa.